Tsutsar ciki a tumaki: Yadda take kisa, da dalilin da ya sa magani ke daina kama ta

Duk shekara idan damina ta kankama, musamman daga Yuli zuwa Satumba, masu kiwon tumaki a arewacin Najeriya da kudancin Nijar kan shiga wani yanayi mai ɗaure kai. Ciyawa ta wadata, ruwan sha ya samu ko'ina, amma a daidai lokacin ne tumaki ke ramewa, 'ya'yansu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan ɗora laifin a kan ɗanyar ciyawa, wasu a kan sanyin damina. A mafi yawan lokuta mai laifin na kwance a cikin dabbar, wata tsutsa ce siririya kamar zare wadda tsawonta bai wuce santimita 3 ba.

Najeriya na da tumaki sama da miliyan 40 bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma galibinsu a Arewa suke, a hannun ƙananan masu kiwo: matar aure mai tunkiya biyu a bayan ɗaki, manomin da ragonsa ne asusun da zai fasa ranar larura, da makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa. Abin da kusan kowannensu ya sani game da tsutsar ciki shi ne a sayi ƙwaya ranar kasuwa a ɗura wa garke baki ɗaya. Dabarar ta yi aiki shekaru masu yawa. Sai dai ƙasashen da suka riga mu dogara da ita, irin su Afirka ta Kudu da Ostireliya da Brazil, sun kai matsayin da magungunan suka daina kashe tsutsar a gonaki da dama, har wasu manoman Afirka ta Kudu suka haƙura da kiwon tumaki. Abin da suka koya daga wannan asara shi ne ya zama tushen yaƙi da tsutsar ciki a ƙasashe masu zafi a yau.

Mai shan jini

Tsutsotsin da ke zama a cikin tunkiya iri-iri ne, amma a ƙasashe masu zafi guda ɗaya ce ta fi sauran ɓarna. Masana na kiranta Haemonchus contortus. Cikin tunkiya sashe huɗu ne, kuma a na ƙarshe, wanda ke haɗe da hanji, take zama. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana wanke kayan ciki zai iya ganinta idan ya lura: jajayen zarurruka suna motsi a jikin bangon. Macen tana da ratsin ja da fari a murɗe, jan hanjinta ne cike da jini, farin kuma mahaifarta cike da ƙwai.

Abincinta jini ne. Tana da wani ɗan tsini a baki da take tsaga bangon ciki da shi, kuma ko ta saki wurin jinin kan ci gaba da tsiyaya. An ƙiyasta cewa tsutsa ɗaya na janyo asarar kimanin mililita 0.05 na jini a rana. Adadin kamar ba komai ba, sai an ninka shi. Tunkiyar da ke ɗauke da tsutsa 5,000, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, na rasa mililita 250 kowace rana, alhali duk jinin jikin tunkiya mai nauyin kilo 30 bai wuce kimanin lita 2 ba. Ɓargo na ƙoƙarin mayar da gurbi, amma idan abinci bai wadatar ba, ba ya iya cim ma abin da ke zuba.

Alamomin daga nan suke fitowa. Cikin fatar ido da dasashi sukan yi fari, dabbar ta riƙa zama a bayan garke, ta yi haki idan an kora ta, gashinta ya tashi ya daina sheƙi. Idan abin ya yi nisa sai wani kumburi mai taushi ya fito a ƙarƙashin haɓa, saboda sinadarin gina jiki da ke riƙe ruwa a jijiyoyin jini ya ƙare, ruwan ya tsiyaye zuwa ƙarƙashin fata. Akwai abu ɗaya da ke yaudarar masu kiwo: wannan tsutsa ita kaɗai ba kasafai take sa zawo ba. Mai jiran ya ga gudawa kafin ya yi zargin tsutsa zai iya wayar gari ya tarar da rago mai ƙiba a mace, kashinsa kuwa ƙalau.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'ya'yan tumaki daga yaye zuwa kusan shekara guda, domin garkuwar jikinsu ba ta gama sanin tsutsar ba, sai kuma tunkiya mai tsohon ciki da mai shayarwa. Makonni kaɗan kafin haihuwa da bayanta garkuwar uwar kan yi rauni, tsutsotsin cikinta su ƙara yawan ƙwai, ta gurɓata wurin da ɗanta zai fara koyon cin ciyawa.

Rayuwarta tsakanin damina da rani

Macen tsutsar na yin ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, kuma duka suna fita ta cikin kashi. Idan akwai ɗumi da laima, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda ko biyu, 'ya'yan su yi saɓa sau biyu, cikin kwana 4 zuwa 6 su kai matakin da za su iya kama wata dabba. Daga nan sai su bi lemar raɓa ko ta ruwan sama su hau ganyen ciyawa, mafi yawansu ba sa wuce santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Tunkiya kuwa ƙasa-ƙasa take kiwo. Da zarar ta haɗiye su, cikin kimanin mako uku sun balaga sun fara nasu ƙwan. Ke nan a damina ɗaya ana iya samun zuriya bayan zuriya, kowace ta ninka ta baya.

Wannan lissafi na nuna wani abu da ya kamata mai kiwo ya riƙe. A tsakiyar damina, mafi yawan tsutsotsin da ke barazana ga garke a kan ciyawa suke, a matsayin ƙwai da 'ya'ya, inda babu maganin ɗura da zai kai gare su. An ɗura magani yau, gobe dabbar ta koma makiyayar jiya ta ɗebo sababbi.

Rani kuma labarinsa daban. Zafi da bushewar hunturu da bazara na kashe ƙwai da 'ya'yan tsutsa a fili, ta yadda makiyayar da ke tsandauri kan tsarkaka cikin 'yan makonni da ɗaukewar ruwa. To ta yaya tsutsar ke dawowa baɗi? Binciken da aka gudanar a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar da tumaki ke haɗiya a ƙarshen damina ba duka ke balaga ba. Da yawansu kan shige cikin bangon ciki su dakatar da girma, su yi likimo watanni ba ci ba ƙwai, har zuwa gab da faɗuwar damina. A lokacin ne suke farkawa, daidai sa'ar da dabbobi suka fi jigata da yunwar bazara, su balaga su zuba ƙwai a kan sabon tsiro. Shi ya sa a wasu shekaru ake ganin mace-mace tun kafin ciyawa ta yi tsawon kirki.

Fadama ba ta cikin wannan ƙa'ida. Inda ƙasa ke riƙe da laima duk shekara, kamar dausayin Haɗeja da Nguru, bakin madatsun ruwa da gaɓar Tafkin Chadi, kamuwa ba ta yankewa, kuma a can ne garkuna ke cunkushewa da rani.

Sauran tsutsotsin

Akwai ƙananan tsutsotsin hanji, irin su Trichostrongylus, waɗanda su ne ke sa zawo da rashin cin abinci. Akwai wadda ke yin ƙuraje masu tauri a jikin hanji, mahauta sun san su sarai domin suna lalata kayan ciki. Akwai kuma farar tsutsa mai faɗi da ake ganin guntayenta kamar dafaffiyar shinkafa a kashin 'ya'yan tumaki. Ita ce ta fi tayar wa mai kiwo hankali saboda ana ganinta da ido, ita ce kuma ta fi ƙarancin illa.

Tsutsar hanta ta cancanci a ware ta. Ba a ciyawar tudu ake ɗaukarta ba, sai ta bi ta jikin wata katantanwar ruwa kafin ta maƙale a ciyawar fadama. Tana kawo ƙarancin jini da kumburin haɓa iri ɗaya da na mai shan jini, amma ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba. Haka ma sammore da yawan kaska na iya sa ido ya yi fari. Zawo mai haɗe da zazzaɓi, majina da gyambon baki kuwa alamar cutar PPR ce, wadda ƙwayar bairos ke kawowa, kuma rigakafinta allura ce, maganin tsutsa ba ya yi mata komai.

Sunaye barkatai, gidaje uku

Wanda ya leƙa rumfar mai sayar da maganin dabbobi a Potiskum ko Maigatari ko Illela zai ga kwalaye kala-kala da hotunan raguna masu ƙiba, ya ɗauka zaɓi ya yi yawa. Gaskiyar ita ce kusan dukkansu daga gida uku suka fito. Gida na farko shi ne na albendazol da 'yan uwansa, waɗanda sunansu a jikin kwali ke ƙarewa da "dazole". Na farkonsu ya shiga kasuwa a 1961. Gida na biyu na lebamisol ne, wanda ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1960. Na uku na ibamektin ne, wanda aka fara sayarwa a 1981, kuma gano shi ne ya samo wa William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015. Bayan waɗannan akwai kulosantel, wanda ke kama masu shan jini da tsutsar hanta kaɗai. Duk tsutsar da ta bijire wa magani ɗaya a gida, to ta bijire wa sauran 'yan gidan, ko da an sauya kwali da kamfani.

Tarihin kowane gida iri ɗaya ne. Shekara uku kacal da fitowar gida na farko aka ba da rahoton tsutsar da ba ya kashewa. Ibamektin bai cika shekara goma ba aka samu mai bijire masa a Afirka ta Kudu. Sai a 2009 aka sake samun sabon gida, monefantel, a New Zealand, kuma zuwa 2013 an tabbatar da bijirewa a ƙasar da aka fara sayar da shi. Ƙirƙiro sabon magani na cin shekaru da maƙudan kuɗi, tsutsar kuwa damina kaɗan take buƙata.

Yadda abin ke faruwa ba shi da sarƙaƙiya. A cikin dubban tsutsotsi, akwai 'yan ƙalilan da aka halitta da juriyar magani tun asali. Idan aka ɗura, masu rauni su mutu, masu juriya su rayu, su kaɗai su ci gaba da zuba ƙwai. Maimaita hakan kowane wata na nufin mai garke da kansa yake tankaɗe tsutsotsinsa, yana zubar da masu jin magani yana ajiye iri daga marasa ji. Kuma idan juriya ta kafu a wuri, ba ta cika komawa baya ba ko an daina amfani da maganin shekaru.

Abubuwa uku ke gaggauta wannan a wurarenmu. Na farko awon ido: ba a auna nauyin dabba, sai a raba ƙwaya biyu don ta isa. Magani ƙasa da ƙima na kashe masu rauni sosai ne kawai, ya bar masu matsakaiciyar juriya su hayayyafa. Na biyu ingancin maganin kansa. Wani bincike da aka yi a Kenya a ƙarshen shekarun 1990 ya tarar cewa wasu magungunan tsutsa da ke kasuwa ba su ƙunshi adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu ba, wasu ma babu shi sam. A Najeriya NAFDAC ce ke da alhakin rajistar magungunan dabbobi, saboda haka duba lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi shi ne mafi ƙarancin abin da mai saye zai yi. Kwalbar da ta wuni a rana a kan tabarmar ɗan koli mako bayan mako kuwa, ko da ta gaskiya ce, abin a yi hattara da ita ne. Na uku shi ne mayar da maganin tsutsa tamkar maganin ƙiba, a ba dabba ko tana buƙata ko ba ta buƙata.

Tarkon da ke cikin rani

An daɗe ana ba da shawarar a ɗura wa dukan garke magani a ƙarshen rani, kafin ruwan farko. Hujjar tana da ƙarfi: a lokacin makiyaya fes take, duk tsutsar da ta rage a yankin tana cikin dabbobi, bugu ɗaya zai kusa ƙarar da ita. Matsalar tana cikin kalmar "kusa". Idan magani ya kashe 99 cikin 100, ɗayar da ta tsira mai juriya ce, kuma tun da babu kowa a ciyawa da zai gauraya da ita, 'ya'yanta ne kaɗai za su cika makiyayar a damina mai zuwa.

Daga nan ne masanin tsutsotsi na Afirka ta Kudu, Jan van Wyk, ya jawo hankalin duniya a 2001 zuwa ga abin da za a iya kira mafakar tsutsa, wato wani kaso na tsutsotsin da aka bari da gangan magani bai taɓa su ba, domin su auri masu juriya su tsinka jininsu. Ga mai kiwo maganar na da nauyin karɓa, a ce ya bar tsutsa a garkensa yana sane. Amma manya masu ƙoshin lafiya na iya ɗaukar tsutsa kaɗan ba tare da ta rage su da komai ba, kuma su ne ya kamata a tsallake idan za a yi ɗurar ƙarshen rani. Haka nan tsohuwar shawarar nan ta a ɗura magani a kora garke nan take zuwa sabuwar makiyaya, masana sun janye ta saboda dalili guda.

A nan ƙananan masu kiwo na ƙauye sun ci wata riba ba da saninsu ba. Inda tumakin gari ke kiwo a fili ɗaya, wasu an ba su magani wasu ba a taɓa ba su ba, mafakar na samuwa da kanta. Waɗanda suka fi kusa da ramin da manoman Afirka ta Kudu suka faɗa su ne sababbin gonakin zamani masu shinge, inda dabbobi ke zagaye fili ɗaya kuma ake ɗura wa kowa magani bisa kalanda. Su ne kuma ke sayo irin tumaki da awaki daga ƙasashen waje, waɗanda ke iya zuwa da tsutsa mai juriya a cikinsu. Duk baƙuwar dabba, daga ƙetare ta zo ko daga kasuwar maƙwabta, ƙa'ida ita ce a killace ta a busasshen wuri, a ba ta magunguna daga gida fiye da ɗaya bisa shawarar likita, a tsare ta aƙalla kwana biyu tana zubar da abin da ke cikinta, sannan ta shiga garke.

Karanta ido

Idan ba kowa za a bai wa magani ba, wa za a bai wa? Tsutsa ba ta rarrabu daidai a garke ba. Kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na dabbobin ne ke ɗauke da mafi yawanta, su ne kuma ke zuba mafi yawan ƙwai. Aikin shi ne a gano su.

A shekarun 1990 wani likitan dabbobi ɗan Afirka ta Kudu, Francois Malan, tare da Gareth Bath da van Wyk, suka samar da wani ɗan kati da ake kira FAMACHA, sunan da aka ciro daga laƙabin Malan ɗin. Katin na ɗauke da launi biyar na cikin fatar ido, daga ja sosai a lamba 1 zuwa fari fat a lamba 5. Ana riƙe dabbar a hasken rana, a rufe fatar ido ta sama a ɗan danna, a janyo ta ƙasa har naman ciki ya bayyana, a kwatanta da katin. Masu lamba 1 da 2 a sake su. Masu 4 da 5 a ba su magani nan take. Masu lamba 3 ana ba su idan ƙanana ne, ko masu ciki, ko masu shayarwa, ko kuma idan fararen idanu sun yi yawa a garken. A ganiyar damina ana duba garke duk mako biyu, da rani kuwa a tsawaita.

Amfanin tsarin ga makiyayin da bai yi boko ba a bayyane yake, launi kawai ake karantawa. Duba idon dabba ma ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu, abin da katin ya ƙara shi ne ma'auni guda da kowa zai yi aiki da shi. Iyakarsa ita ce masu shan jini kaɗai yake nunawa, kuma katin da ya koɗe ko aka yi masa hoto a shago ba abin dogara ba ne. Saboda wannan giɓi ne Bath da van Wyk suka faɗaɗa shi a 2009 zuwa duba wuri biyar: ido, gadon baya don jin ƙiba ko rama, gindin wutsiya don alamar zawo, haɓa don kumburi, da hanci.

Akwai riba ta biyu ga wanda ke ajiye lissafi. Tunkiyar da ta buƙaci magani sau uku ko huɗu a damina ɗaya, alhali 'yan uwanta na kiwo wuri guda ba su buƙata ba, ita ce ke gurɓata makiyaya, kuma raunin na bin jini. Irinta ce ya kamata ta fara tafiya kasuwa, kuma ba a barin ɗanta ya zama ragon barbara.

Idan za a ba da magani

A auna nauyi. Inda babu sikeli, a yi lissafi da nauyin mafi girma a cikin dabbobin da suka yi kusa da juna a jiki. Ƙimar ibamektin ga tumaki miligiram 0.2 ce ga kowane kilo, lebamisol kimanin 7.5, albendazol kuma 5 zuwa 7.5. Ma'ana, ƙwayar albendazol mai miligiram 300 ba ta wuce dabba mai kilo 40 ba idan aka bi ƙimar sama, don haka ragon Balami da ya haura kilo 60 guda ɗaya ba ta ishe shi ba, balle rabi. Lebamisol shi ne ba ya son ganganci, tazarar da ke tsakanin ƙimar magani da ta guba ƙarama ce, wuce gona da iri na sa dalala da karkarwa, har da mutuwa. Albendazol kuma ba a ba tunkiya a watan farko na ciki, domin yana iya nakasa ɗan tayi.

Na ruwa ana zuba shi ne a can bayan harshe, a hankali, kan dabbar a daidaice don kada ya shiga huhu. Hana abinci na tsawon dare kafin a ɗura albendazol ko ibamektin na sa maganin ya daɗe a ciki ya fi aiki, amma ba a yi wa mai tsohon ciki ko marar lafiya haka. Awaki na kamuwa da tsutsotsi iri ɗaya da tumaki, jikinsu kuma na saurin narkar da magani, ƙimarsu ta fi ta tumaki. Ba akuya ƙimar tunkiya hanya ce ta renon tsutsa mai juriya da za ta dawo kan tumakin.

Hanyar sanin ko magani na aiki a garke ɗaya ce: a ɗebi kashin dabbobi 10 zuwa 15 ranar ɗura, a ƙirga ƙwan da ke ciki a ɗakin gwaje-gwaje, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, akwai zargin juriya ko jabun magani. Gwajin ba ya buƙatar abin da ya wuce madubin duba ƙananan halittu, ruwan gishiri da ma'aikacin da ya ƙware. Cibiyar binciken kiwo ta NAPRI da ke Shika, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk aikinsu ne na yau da kullum. A ganina, saukar da wannan gwaji zuwa asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi na daga cikin ayyuka mafi araha da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, za ta iya jagoranta tare da jihohi.

Ciyawa, turke da abinci

Zafin da ke gaggauta ƙyanƙyasar tsutsa shi ne kuma ke gajarta ranta. A ƙasashe masu sanyi 'ya'yanta kan yi watanni a ciyawa, a masu zafi da laima kuwa galibinsu kan mutu cikin wata guda zuwa biyu idan ba su samu dabba ba. An gwada amfani da wannan a tsibirin Tonga a farkon shekarun 1990: aka raba makiyaya gida goma, awaki su yi kwana uku da rabi a kowane, su tashi kafin ƙwan da suka zubar ya zama haɗari, ba za su dawo ba sai bayan wata guda. Buƙatar magani ta ragu ƙwarai. Manominmu ba shi da shinge goma, amma yana da turke. Mai ɗaure tumaki da damina don kada su shiga gona zai iya matsar da turken duk kwana uku ko huɗu, kada ya koma tsohon wuri sai bayan mako biyar ko shida.

Wanda ke yanko ciyawa ya kawo gida ya fi kowa samun sauƙi, muddin ba daga inda dabbobi ke kiwo ya yanko ba, kuma ya zuba ta a mazubi mai tudu maimakon ƙasa inda ake kashi. A share turke kullum, a tara takin wuri guda ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai gona. Jinkirta sakin garke har raɓa ta bushe na rage kamuwa, ko da yake ba ya kawar da ita.

Abinci kuwa rabin magani ne. Garkuwar jiki da ɓargon da ke ƙera jini duka da sinadarin gina jiki suke aiki, kuma an sha tabbatarwa cewa tunkiyar da ke samun isasshensa ta fi jure wa tsutsa, ta fi kuma rage yawan ƙwan da take zubarwa. Harawar wake da ta gyaɗa, angurya, dusa da 'ya'yan gawo, idan aka tanade su don masu ciki da masu shayarwa da yayayyu a ƙarshen rani, sun fi ɗura ta uku da ta huɗu amfani.

Jinsi ma na da tasiri. Binciken cibiyar ILRI a Kenya ya nuna jajayen tumakin Masai sun fi Dofa na Afirka ta Kudu jure wa mai shan jini nesa ba kusa ba, haka kuma gajerun tumakin kudancin Afirka ta Yamma an san su da juriya. Uda da Balami 'yan busasshiyar ƙasa ne, sukan sha wahala idan aka kai su inda ruwa ya yi yawa. Game da magungunan gargajiya, ɓawon maɗaci da shuwaka da bagaruwa sun daɗe a hannun makiyaya, kuma gwaje-gwaje sun nuna wasunsu na da ɗan tasiri a kan tsutsa. Abin da suka rasa shi ne ƙima tsayayya, ƙarfin jiƙon yau ba shi ne na gobe ba, don haka tunkiyar da idonta ya kai lamba 5 ba a jiran jiƙo da ita. Akwai kuma allurar rigakafi mai suna Barbervax, wadda cibiyar Moredun ta Sikotland ta ƙirƙiro aka fara sayarwa a Ostireliya a 2014, sai dai ana maimaita ta sau da yawa a damina guda.

Ragon layya

Babbar Sallah na matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ta faɗo a watan Yuni, wato kiwon ragunan ya zo ne a bazara, yankansu kuma a farkon damina. Ragon da aka turke a busasshen wuri yana cin harawa da dusa ba ya ɗaukar sabuwar tsutsa, ɗura ɗaya mai cikakkiyar ƙima ranar da aka sayo shi galibi ta wadatar. Kowane maganin tsutsa na da wa'adin da dole a jira kafin a ci naman dabbar ko a sha nononta, kuma a rubuce yake a jikin kwalba: na ɗura kan ɗauki kwanaki zuwa mako biyu, allurar ibamektin da kulosantel kuwa makonni da dama. Ragon da aka yi wa allura saura kwana uku Sallah don gashinsa ya yi sheƙi a kasuwa, ragowar maganin na nan a hantarsa da kitsensa ranar da za a soya su.